Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu gidajen haya da ejan-ejan ɗinsu kan maganar kiwon maciji

Assalamu alaikum iyayenmu masu gidajen haya, da ku ejan-ejan da kuke tsaya musu, ranku ya daɗe.

Nasan da yawanku daga ganin kalmar maciji a saman wasiƙar nan tsigar jikinku ta tashi, wani ma yace a'uzubillahi ya wuce abinsa. Dan Allah ku ɗan daure ku karanta. Ni ɗan haya ne kuma ina kiwon maciji, eh maciji, a cikin akwatin gilas mai makulli a ɗakina, ba taɓin hankali gare ni ba, ba kuma tsafi nake ba, sha'awa ce kawai irin yadda wani ke sha'awar aku ko kifi. Roƙo guda ɗaya ya kawo ni: ku daina yi mana kuɗin goro. In ɗan haya yazo muku da maganar maciji ku tambaye shi wane iri ne, ina girmansa zai tsaya, a cikin me za a ajiye shi, sannan ku yanke hukunci, kuma duk abinda kuka yanke a rubuta shi a takardar haya kowa ya sa hannu.

Tsoronku ba na banza bane, wannan ban isa in musa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tace saran maciji na kashe tsakanin mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara, banda waɗanda ake yanke wa ƙafa ko hannu, har takai a 2017 ta saka shi a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. Wanda ya taɓa rasa ɗan'uwa a bakin kububuwa ko gamsheƙa bazaka zo kana masa lacca ba, dama ai wanda maciji ya sara in yaga tsumma sai ya gudu. To amma macizan duniya kaman iri 4,000 ne, masu dafi a ciki kaman 600 ne, waɗanda dafinsu ke iya kashe mutum ko naƙasa shi kuma kusan 200. Sauran dubunnan fa? Su ma duk hukuncin kububuwa za a yanke musu?

Wanda nake kiwo ƙaramar mesa ce mai dunƙulewa, wadda a kasuwar dabbobi ake ce wa bol faiton, asalinta daga Yammaci da Tsakiyar Afirka take, mafi yawan waɗanda aka fitar zuwa Turai da Amurka daga Gana, Togo da Jamhuriyar Binin suka fita, tana kuma cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta 1973 ke sa ido a cinikinsu tsakanin ƙasashe. Bata da dafi ko kaɗan. In ta girma iyakarta mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, nauyinta kilo ɗaya zuwa biyu ne yawanci, kuma in ta tsorata yawanci ba kawo sara take ba, dunƙulewa take ta cusa kanta a tsakiyar jikinta tayi lamo har abin ya wuce. Cin abincinta sau ɗaya ne a sati ko sati biyu, ɓera ne da aka daskarar a firiza sai a narkar a bata, wani lokacin ma tayi wata da watanni bata ci komai ba kuma lafiyarta lau. Kashi kuwa bai fi sau ɗaya a sati ba, wani lokacin ma sai ta wuce sati bata yi ba. Akwai kuma macijin masara na kudu maso gabashin Amurka, shima ba dafi, siriri ne, yana ma cikin waɗanda masu fara kiwo suka fi ɗauka.

Yanzu tsakani da Allah ku duba ta ɓangaren gidanku, tunda gidan ne damuwarku ba ni ba. Me wannan halittar zata ɓata? Bata haushi cikin dare, bata yagar ƙofa da farce, bata tauna wayar wuta, bata fitsari a kafet, bata zubar da gashi balle ya tayar wa maƙwabci da asma, ko sauti bata da shi sai ɗan huci in an takura mata. Kare ɗaya mai ƙiriniya ɓarnar da zai yi wa gida a wata ɗaya, mesar nan bazata yi ba a shekara 20 zuwa 30 da take rayuwa a hannun mutum. Amma sai kaga ejan ya amince da mai kare da mai mage, ni kuma da nazo da gaskiyata na faɗa da bakina sai ace in nemi wani gidan. Na taɓa haɗuwa da wani ejan da har mun gama magana saura sa hannu, ina ambaton akwatin ya tattara takardunsa ya miƙe, ko hoton da nake miƙa masa a waya bai kalla ba.

To me kuke tsammanin na bayana zai koya daga wannan? Zai koyi yin shiru ne kawai. Nan ne inda nake so ku tsaya ku yi tunani sosai, sabida hani na kai tsaye baya hana maciji shiga gidanku, abinda yake hanawa shi ne ku sani. Mutum zai shigo da akwati da daddare a naɗe cikin bargo, ranar da za a zo duba gida ya tura shi cikin wadrob ko ƙarƙashin gado, in abu ya lalace a ɗakin bazai kira ku ba dan kar mai gyara ya gani, famfo na yoyo zai bar shi har silin ya ruɓe, in kuma tsautsayi yasa macijin ya fita bazai faɗa wa kowa ba, zai ta nema shi kaɗai a ɓoye yana gumi har ranar da matar maƙwabci zata ci karo da shi a banɗaki. Wanda ya sanar da ku kuwa kunsan iri, kunsan girma, kun ga makullin da idonku, kuna da damar cewa gyara nan ƙara can. Wanne ne yafi muku kwanciyar hankali a cikin biyun?

Kar ku ɗauka ina cewa kowane maciji a buɗe masa ƙofa. Ko kusa. Akwai waɗanda ni kaina in naji maƙwabcina na da su, ni zan fara kawo muku ƙara. Mai dafi kowane iri ne bashi da gurbi a gidan haya, magana ta ƙare, ko da mai shi yace an cire masa haƙori ko ya ƙware, haƙorin dafi ai sake fitowa yake. A Birtaniya tun 1976 akwai dokar dabbobin daji masu haɗari, wadda ta ce kafin ka ajiye irin su kumurci sai ka karɓi lasisi daga ƙaramar hukuma, likitan dabbobi yazo ya duba wurin, kuma ka yi inshora. Haka manyan mesa, irin mesar Bama da babbar mesar Afirka, waɗanda ke kai mita huɗu zuwa biyar. A watan Agusta na 2013 a garin Campbellton na ƙasar Kanada, babbar mesar Afirka mai nauyin kusan kilo 45 ta fita daga ɗakin da aka ajiye ta ta bututun iska, ta faɗo ta silin cikin falon da wasu yara biyu 'yan gida ɗaya suke barci, ɗaya shekara 4 ɗaya 6, ta kashe su duka. Gida ne a saman shagon dabbobi, kuma yaran kwana kawai suka zo yi. Kotu ta wanke mai mesar a 2016, amma yaran dai sun tafi. Duk mai kiwon maciji da ya san abinda yake ya san labarin nan, kuma babu mai hankalin da zai ce ku yarda da irin wannan a benen da iyalai ke kwana.

Abin lura shi ne waɗanda suka zauna suka yi nazarin abin basu ce maciji maciji ne ba, layi suka ja. Birnin Toronto ya hana duk mai dafi, ya kuma hana duk macijin da in ya girma zai wuce mita 3, abinda bai kai nan ba an bar shi. Kun ga ma'auni mai sauƙi da ko ejan da bai taɓa taɓa maciji ba zai iya aiki da shi: a faɗi sunan iri, a duba iyakar girmansa, shikenan. Amurka ma da ta hana shigo da mesar Bama a 2012, bayan ta yaɗu a dausayin Florida tana cinye ƙananan dabbobin wurin, irin da ke ɓarna ta bi, bata ce kowa ya yar da macijin masararsa ba. Akwai kuma wuraren da suka rufe ƙofa gaba ɗaya, Hawai da New Zealand ba a kiwon maciji sam dan kare tsuntsayensu da sauran halittun tsibirin, birnin New York ma ya hana duk dangin mesa har da ƙaramar. In doka ta hana a inda gidan yake to babu wata magana, ɗan haya bashi da bakin cewa komai, mu ma bamu ce ku karya doka dan mu ba.

Sai maganar haƙƙi, wadda nasan ita ce bakwa son ji. Gidan naku ne, ba mai jayayya. Amma daga ranar da kuka karɓi kuɗin haya kuka miƙa makulli, ɗakin ya zama muhallin wani, nan yake kwana nan yake tashi, nan sirrinsa yake. Ƙasashe da dama sun daɗe da gane hakan. Faransa tun 9 ga Yulin 1970 dokarta tace sharaɗin da ya hana ɗan haya ajiye dabbar gida ana ɗaukarsa kaman ba a rubuta ba, matuƙar dabbar bata ɓarna kuma bata damun maƙwabta. Lardin Ontario a Kanada, sashe na 14 na dokar haya ta 2006 ya soke duk sharaɗin hana dabba a takardar haya, sai dai mai gida na iya neman a fitar da mutum in dabbar na takura wa mutane sosai, ko tana tayar wa wani da rashin lafiya mai tsanani, ko irinta dama mai haɗari ne. Babbar kotun tarayyar Jamus a Maris 2013 tace hana kare da mage gaba ɗaya a takardar haya ta gama-gari bai inganta ba, sai an duba kowane lamari da kansa. A jihar Victoria ta Ostireliya tun 2020 mai gidan da baya so shi zai je gaban hukumar shari'a cikin kwana 14 ya kawo dalili, in bai je ba an ɗauka ya yarda. Ingila ma a Oktoban 2025 ta kafa sabuwar dokar haƙƙin 'yan haya, ɗan haya zai nema a rubuce, mai gida ya amsa cikin kwana 28, kuma bazai ƙi ba sai da dalilin da hankali zai ɗauka.

Ba dan maciji aka yi waɗannan dokokin ba, kare da mage ne a ran masu yin su, kuma kowace ƙasa da tata dokar, wani wurin mai gida na da cikakken ikon cewa a'a tun kafin a shiga. Na kawo su ne dan ku ga inda hankalin duniya ya karkata: ana tambayar me dabbar take yi ne, tana ɓarna, tana cutarwa, tana damun wani? In amsar a'a ce to ƙyama kaɗai bata isa hujja ba. Ku da bakwa kwana a gidan ma, wani mai gidan sai ya shekara bai leƙo ba.

Wani abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne takardar hayar kanta. Sai kaga an rubuta layi ɗaya, ba a yarda da dabbobi ba, shikenan. Kifi a cikin gilas dabba ne ko ba dabba ba? Kanari a keji fa? Wata takardar ma ko layin babu, mutum ya shiga ya biya shekara, sai bayan wata shida labari ya kai kunnen mai gida sannan a fara cewa ai kowa ya san ba a yi. Ina aka rubuta? Sharaɗin da ba a faɗa ba ranar sa hannu baza a ƙirƙiro shi a tsakiyar haya ace ya hau kan mutum ba, a jira lokacin sabuntawa a zauna a yi magana. In kuwa an rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba maciji mutum ya karanta ya sa hannu sannan ya shigo da shi a ɓoye, wannan shi ya karya alƙawari, bazan kare shi ba.

Ko shi ɗin ma akwai hanyar da ake bi. Dan Allah ranku ya daɗe, a daina abin nan na fushi, a zo a canza kwaɗo, a yanke wuta da ruwa, a watso kayan mutum waje, ko a turo matasa da sanduna su fasa ɗaki su kashe dabbar mutum baya nan. A Ingila, a ƙarƙashin dokar 1977, korar ɗan haya ta wannan hanyar laifi ne da ake gurfanar da mai gida a kansa, kuma a Ingila da Ontario ko shiga duba gida ne sai an bada sanarwar awa 24 in ba gaggawa ba. Yanke wuta ma ga maciji hukuncin kisa ne a hankali in ana sanyi, tunda jikinsa baya samar da ɗumi da kansa, da hita yake rayuwa. A bada notis a rubuce, a bada lokacin da mutum zai nemi wanda zai karɓi dabbar ko ya nemi wani gidan. In kun matsa masa yace yau-yau sai ya rabu da shi, ina kuke ganin zai kai shi? Bayan gida zai je ya sake shi a ciyawa, ya dawo muku ta magudana.

Tunda na ambaci hita, bari in faɗa muku abinda ya kamata ku tsorata da shi a ɗakin mai maciji, wanda kuma ban taɓa jin ejan ya tambaya ba: wuta. Mesar nan tana son gefe ɗaya na akwatin ya kai kaman digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen ya fi sanyi, shi yasa ake sa tabarmar ɗumi ko ƙwan fitila mai zafi, kuma suna kunne dare da rana. In ba a haɗa su da na'urar daidaita zafi ba, wato tamostat, suna iya ƙona dabbar, suna iya fasa gilas, suna iya tada gobara, musamman in an cunkusa komai a soket ɗaya mai arha. Wannan ku tambaya, ku ce a nuna muku, in babu ku ce sai an sa. Na biyu murfi. Maciji gwanin gudu ne, duk ramin da kansa ya shiga jikinsa zai bi, macijin masara ma ya shahara da haka, dan haka akwatin da aka ɗora wa littafi ko dutse a kai ba akwati bane, sai mai ƙofar gilas da makulli. Na uku danshi, ana fesa ruwa a akwatin dan ya samu sauƙin saɓa, to kar a manna shi da bango har fenti ya kumbura. Waɗannan su ne tambayoyin mai gidan da ya san ciwon gidansa.

Ku kuma 'yan uwana masu kiwo, tunda nasan zaku karanta, wasunku ku ne kuke ja mana. Kar ka rataya maciji a wuya ka fito tsakar gida ko matakala kana ɗaukar bidiyo dan a ce kai jarumi ne, wannan wurin na kowa ne, akwai mai hawan jini akwai mai ciki akwai yara. Kar ka wanke kwanon ruwansa a wurin da ake wanke kwanukan abinci, macizai da ƙadangaru suna ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa mutum gudawa da zazzaɓi a kashinsu ko da lafiyarsu ƙalau, shi yasa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka take cewa yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su nisance su. In gidan ana haɗa kicin ko banɗaki ko firiza da wasu, to gaskiya su ma suna da ta cewa, ba wanda zai so ya buɗe firiza yaga ɓeraye a leda kusa da kayansa. Kuma maciji ɗaya ko biyu daban, ɗaki cike da akwatuna talatin ana haifarwa ana sayarwa daban, wannan kasuwanci ne, ba shi aka baka haya ka yi ba.

Abinda nake roƙonku iyayenmu bai fi shafi ɗaya ba a bayan takardar haya. A rubuta sunan irin macijin da adadinsu, a rubuta cewa ba mai dafi kuma ba wanda zai wuce girman da kuka yarda da shi, akwati mai makulli, hita mai tamostat, baya fita daga ɗakin mai shi, in ya ɓace a sanar da ku cikin awannin farko ba sai gobe ba, duk ɓarnar da ya jawo ɗan haya ne zai biya, kuma kuna da damar zuwa ku duba bayan kun bada sanarwa. In dokar wurinku ta yarda da ƙarin kuɗin ajiya na ɓarna ku karɓa, mu bamu ƙi ba, muddin za a dawo da shi ranar tashi in ba a ɓata komai ba. In kuma bayan kun ji duk bayanin kun ga gidan bai dace ba, misali ɗakunan a haɗe suke ko akwai jarirai a ƙofa da ƙofa, ku ce a'a ku faɗi dalilin a rubuce tun kafin mutum ya biya kuɗin ejan da na lauya ya kwaso kayansa.

Ku huta lafiya, Allah ya ƙara buɗi.

Naku,
wani ɗan haya mai kiwon ƙaramar mesa